Tambaya da Amsa: Ramin Tsakuwar Maƙwabci Ya Jawo Wa Gonata Ambaliya

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke bakin kogin Gongola a ƙaramar hukumar Nafada ta jihar Gombe, ɗana ne kuma ya rubuta mini wannan wasiƙa. Ina da fadama mai kimanin eka huɗu wadda na gada daga mahaifina, ina noma shinkafa a ɓangaren kwari, masara kuma a inda ya ɗan yi tudu. Shekara biyu da suka wuce ɗan baffana, wanda gonarsa ke tsakanina da kogi, ya ba wani ɗan kwangila hayarta domin haƙar tsakuwa da yashi. Suka kawo katafila suka haƙa rami wanda zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, suka fasa gaɓar kogi domin tifofi su riƙa sauka cikin yashi da rani, ƙasar da suka yaye daga sama kuma suka jibge ta a bakin lambatun da ruwan gonakinmu ke bi ya koma kogi. A watan Agustan bana ruwa ya shigo mana cikin dare, ya kwana tara a gonata. Masara ta mutu duka, shinkafar da nakan sami buhu hamsin kuwa buhu bakwai na tsira da shi, yanzu kuma yashi ya rufe kusan rabin gonar. Ko a 2012 da 2022, da aka yi manyan ambaliya, ruwa bai wuce giginyar da ke kan iyakarmu ba. Na sami ɗan kwangilar, ya ce ruwan Allah ne, kuma shi yana da takarda daga Abuja. Daga baya ya aiko yaronsa da naira dubu tamanin na jaje da wata takardar Turanci wai in sa hannu, ban sa ba. Jauronmu, wato mai garinmu, ya ce in yi haƙuri, amma ana raɗe-raɗin cewa yana da kaso a kan kowace tifa. Shin ina da haƙƙi a kan mutumin nan, ko in bar wa Allah? Ba na son in ɓata zumunci da ɗan baffana.

Manomi, daga Nafada

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Bisa abin da ka bayyana kana da haƙƙi, a addinance da kuma a dokar ƙasa, kuma ka yi dabara da ba ka sa hannu a takardar nan ba. Sai dai ina son ka fahimci inda nauyin maganar yake, domin manoma da yawa a nan suke faɗuwa. Kowa ya yarda ka yi asara, shi kansa ɗan kwangilar bai musa ba, tunda har ya aiko da jaje. Abin da zai musa shi ne cewa aikinsa ne ya kawo asarar. Saboda haka ƙarfinka duka ya tafi wajen nuna hanyar da ruwan ya bi ya iso gonarka. Idan ka iya nuna wannan, sauran maganar mai sauƙi ce. Idan ka kasa, ko buhu ɗari ka rasa, jaje kawai za a yi maka.

Mu fara da maganarsa ta cewa ruwan Allah ne. Gaskiya ce, amma gaskiyar da aka nemi fakewa da ita. Allah ne ya saukar da ruwa, mutum ne kuma ya fasa gaɓa. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma a kansa malamai suka gina ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta fito fili ta hana mutum ya yi haƙan da zai cutar da maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne. Ka ga ke nan ba sabon abu ka zo da shi ba, duk limamin da ya sauke Risala ya san wannan hukunci. Dokar boko ma ta yarda mutum ya kare kansa da cewa bala'i ne daga Allah, amma sai idan abin ya fi ƙarfin duk wani tsammani da tanadi na mai hankali. Cikar Gongola a watan Agusta kuwa ba ta cikin wannan, abu ne na kowace shekara wanda yaron goye ma ya sani, wanda duk ya yanka gaɓa da rani ya san damina na tafe.

Yanzu ga yadda irin wannan haƙa ke jawo ruwa, domin ka iya bayyana shi da bakinka a gaban hakimi ko alƙali ba tare da ka jira wani masani ba. Kogin Gongola daga tsaunukan Filato yake tasowa, ya ratsa jihar Bauchi yana fuskantar arewa maso gabas, a wajajenku na Nafada ne yake yin babbar kwana ya nufi kudu, ya cika madatsar Dadin Kowa, ya je ya haɗu da Binuwai a Numan. Kogi irin wannan da kansa yake gina wa kansa katanga. Duk lokacin da ya cika ya tumbatsa, ƙasa mai nauyi a bakin gaɓa take fara zama, laka mai laushi kuma ta wuce can cikin fadama, shi ya sa bayan ɗaruruwan shekaru za ka tarar bakin kogi ya fi tsakiyar fadama tudu. Kai da ka taso a wurin ka san haka da ƙafarka, domin idan za ka kogi daga gonar shinkafa sai ka ɗan hau kafin ka gangara. Wannan tudun shi ne ya tsare ka a 2012 da 2022. Hanyar tifa da aka yanka a cikinsa ƙofa ce aka buɗe, kuma ruwa ba ya buƙatar ya kai tsayin da ya kai a waɗancan shekaru kafin ya shigo, ya isa kawai ya kai bakin ƙofar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ramin kansa yana ƙara wa abin muni. Idan ruwa ya faɗa cikin rami mai zurfi da ƙarfi, yakan riƙa cin leɓen ramin yana komawa baya ta inda ya fito, ƙofar da ta fara da faɗin tifa ɗaya sai ta wayi gari ta ninka. Idan ɗan siririn tsirin ƙasar da ya rage tsakanin rami da kogi ya jiƙa ta ɓangarorin biyu, rushewa yake yi, wani lokaci ma kogin ya bar tsohuwar hanyarsa ya mayar da ramin hanya. Wannan shi ne abin da na fi jiye maka tsoro, domin idan ya faru ba amfanin shekara ɗaya za ka rasa ba, gonar ce za ta zama cikin kogi. Kwasar tsakuwa daga tsakiyar kogi ma tana da nata lahanin: gindin kogin yana ƙara zurfi, gaɓa ta rasa abin da ke tallafe da ita ta riƙa zubewa, da rani kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ya bi kogin ya sauka, masu noman rani su ga rijiyoyinsu sun ja baya.

Amma abin da ya kashe maka amfani, a ganina, tarin ƙasar nan ce da aka jibge a bakin lambatu. Shigar ruwa daban, zamansa daban. Fadama ta saba ruwa ya shiga ya fita cikin kwana ɗaya ko biyu, har ya bar mata laka mai taki. Masara ba ta jure ruwa kwance a gindinta fiye da 'yan kwanaki, domin saiwarta iska take buƙata, shinkafa ma da ke son ruwa idan ya shanye kanta na mako guda yawancin irin da muke shukawa ruɓewa suke yi. Kwana tara da ka ambata yana nuna ruwan ya shiga ya rasa mafita ne. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ta fi sauƙin nunawa, domin tarin ƙasar yana nan kowa na gani.

To, tun kafin iskar hunturu da kofaton shanu su shafe sawun ruwan, ka ɗauki ɗanka da wayarsa da dattawa biyu waɗanda ba danginka ba, ku zagaya. Ku fara daga giginyar nan. A jikinta za ku ga zoben laka da tarkacen ciyawa inda ruwa ya tsaya, a tsayar da mutum a gefenta a ɗauki hoto domin tsayin ya fito. Ku duba ciyawa da karan masara da suka kwanta, domin inda kawunansu suka fuskanta nan ruwa ya nufa, idan kuwa duk sun ba wa ramin baya to sun yi maka shaida. Sannan ku ɗauki fartanya ku tona yashin a wurare biyar ko shida, daga kan iyakarka da ɗan baffanka zuwa ƙarshen gona, kuna aunawa har ku taɓo baƙar ƙasa. Idan ta ƙofar nan ruwa ya shigo, za ku ga yashin ya fi kauri da gautsi a kusa da ita, har da ƙananan tsakuwa, yana raguwa yana laushi yayin da kuke nisa. Daga nan ku je gonakin da ke sama da ramin da waɗanda ke ƙasa da shi, masu tudu ɗaya da taka, inda gaɓa take lafiya lau. Idan masu waɗannan gonakin sun girbe amfaninsu a wannan damina ɗin, maganar ruwan Allah ta faɗi da kanta, domin ruwa ɗaya aka yi muku. Ɗanka ya nemi wanda ya iya kwamfuta ya buɗe masa Google Earth, wadda ke ajiye tsofaffin hotunan sama na wurare da yawa, a ga ko za a sami hoton gaɓar kafin haƙa da bayanta. Ka kuma gayyaci malamin gona na yankinku ya auna gonar ya rubuta ƙiyasin asarar da sa hannunsa, ka haɗa da rasiɗan taki da iri da maganin feshi idan kana da su. Mu manoma ba mu cika ajiye rasiɗi ba, na sani, amma mai shagon da ka saya a wurinsa yana iya tsaya maka.

Sai takardar Abuja. Mai yiwuwa yana da ita, mai yiwuwa kuma barazana ce. A tsarin mulkin 1999, sashe na 44(3), ma'adinan da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, kuma Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 ta lissafa yashi da tsakuwa da dutse da marmara cikin abubuwan da ake buƙatar lasisi kafin a haƙa domin kasuwanci. Ofishin rajistar ma'adinai na tarayya ne ke ba da shi, lasisin haƙar dutse da tsakuwa kuma na shekara 5 ne, yana da lamba da taswirar filin da ya shafa. Izinin jauro ko rasiɗin harajin ƙaramar hukuma ba su maye gurbinsa. Ka nemi ya nuna lambar a gaban shaidu. Idan babu, to aikinsa haramtacce ne tun daga tushe. Idan kuma akwai, bai tsira ba, domin lasisi izinin haƙa ne, bai ba kowa izinin nutsar da gonar maƙwabci ba. Dokar nan ta 2007 ita ce ta ɗora wa mai lasisi biyan diyyar amfanin gona da ɓarnar da aikinsa ya jawo, da gyara filin da ya haƙa, da ƙulla yarjejeniya da al'ummar da yake aiki a cikinsu, ga kuma dokar 1992 da ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Takardar da yake tsorata ka da ita, igiya ce a wuyansa.

Duk da haka ba kotu nake so ka fara nufa ba. Shari'a tana cin kuɗi da shekaru, kogi kuwa ba ya jiran ranar zaman kotu. Ka fara da sulhu, amma sulhu mai haƙori. Tunda ana zargin jauro yana da kaso, kada ka tsaya jayayya da shi ko ka furta zargin da ba ka da hujjarsa. Ka gaya masa cikin ladabi cewa za ka kai maganar gaban hakimi, ka ma roƙe shi ya raka ka. Kada ka je kai kaɗai. Lambatun da aka toshe ba naka ne kai ɗaya ba, duk wanda ruwansa ke bi ta nan abokin ƙararka ne, kuma mutum goma a zauren hakimi ba a sallamarsu da kalmar haƙuri kamar yadda ake sallamar mutum ɗaya. A wurin zaman, ka kula da abin da za ka sa a gaba. Zuciya za ta so ka fara da kuɗin buhu arba'in da uku, ni kuwa ina ba ka shawara ka fara da gyara: a kwashe ƙasar da ta toshe lambatu, a cike ƙofar da aka yanka a daddage ta har ta kai tsayin gaɓar asali, a tsare fuskarta da duwatsu cikin ragar waya, a dasa jema a kanta domin saiwarta ta riƙe ƙasa, a kuma daina haƙa a jikin gaɓa. Katafilar da ta yi ɓarnar tana iya yin wannan gyara cikin 'yan kwanaki, kuma ya fi sauƙi a wurin ɗan kwangila ya ba da aikin inji a kan ya zaro kuɗi. A sa rana, kada ta wuce watan Afrilu. Bayan wannan sai maganar diyya, wadda ta ƙunshi amfanin da ya salwanta da kuma kuɗin farfaɗo da ƙasar da yashi ya binne. Duk abin da aka amince a rubuta shi da Hausa, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Idan ya ƙi zuwa ko ya yi alkawari ya saɓa, sai ku rubuta takardar koke ɗaya da sunayenku da hotunan, ku kai ofishin jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar, da hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha. A kowace jiha dokar 2007 ta tanadi kwamitin ma'adinai da kula da muhalli wanda maganar diyya ke cikin aikinsa, ku nemi a miƙa masa. Duk inda kuka kai, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba a biyan ko kwabo, sai dai ba ta karɓar koken da ya wuce wata 12 da faruwar abin, ba ta kuma taɓa maganar da ke gaban kotu. Idan ta kai ga shari'a, kada ka shigar da ƙara sai ka ga lauya, domin sashe na 251 na tsarin mulki ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya al'amuran ma'adinai, kuma a 2001 Kotun Ƙoli ta taɓa rushe diyyar da wata babbar kotun jiha ta yanke kan malalar man fetur saboda ba huruminta ba ne. Mutum ya yi shekaru yana shari'a a kotun da ba ta da hurumi, wannan asara ce ta biyu. Lauyan zai iya neman umarnin dakatar da haƙa kafin a gama shari'ar.

Naira dubu tamanin ɗin nan kuwa, ko kuɗin takin da ka zuba ba lalle ta mayar ba. Irin waɗannan takardu sau da yawa cewa suke yi mai sa hannu ya karɓi cikakken haƙƙinsa ya yafe sauran. Ka nemi kwafinta ka adana, wanda ka amince da shi ya karanta maka, domin ita ma shaida ce cewa ya san akwai magana a tsakaninku.

Game da ɗan baffanka, ba sai kun yi faɗa ba. Shi ma yana da alhaki a matsayin wanda ya ba da filin, amma idan ka duba da kyau ya fi ka asara: ya karɓi kuɗin shekara biyu ko uku, za a bar masa kududdufi inda gonar ubansa take, ramin da ba ya noma sai sauro da haɗarin nutsewar yara. Ka same shi da dare kai da wani babba a gidanku, ka nuna masa cewa a matsayinsa na mai fili shi ya fi kowa ikon tilasta wa ɗan hayarsa ya gyara gaɓa. Ka jawo shi ya zauna a ɓangarenka a gaban hakimi.

Gonar kuma kada ka fid da rai da ita. Inda yashin bai fi taƙi ɗaya ba, huɗa mai zurfi da takin gargajiya za su gauraya shi da lakar da ke ƙasa. Inda ya yi kauri sosai sai an kwashe, ko ka ɗan sa kankana ko dankali ko gyaɗa kafin ƙasar ta dawo. A ɓangaren kwari ka tambayi malamin gona irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017 domin wuraren ambaliya, suna iya jure nutsewa har kusan mako biyu.

TAMBAYA

Malam, mijina ya rasu ya bar mini yara huɗu da gona a bakin kogi a ƙaramar hukumar Kirfi ta jihar Bauchi. Masu tifa sun zo suna son in ba su hayarta shekara uku su ɗebi tsakuwa, kuɗin kuma ya fi abin da nake samu a noma. In karɓa?

Uwar marayu, daga Kirfi

AMSA

Allah ya jiƙan maigida, Malama, ya raya abin da ya bari. Shawarata kada ki karɓa. Abin da suke kira haya sayarwa ce a fakaice, domin mai hayar gona noma yake yi ya mayar miki da ita, waɗannan kuwa ƙasar kanta za su loda a mota su tafi da ita, bayan shekara uku rami za su miƙo miki. Gonar kuma ba taki ba ce ke kaɗai, tumunin takaba ne rabonki, sauran na magada ne, dukiyar maraya kuwa ba a taɓa ta sai ta hanyar da ta fi masa alheri, da sanin waliyyinsu ko alƙali. Ki karanta wasiƙar da ke sama ki ga abin da zai iya biyo baya tsakaninki da maƙwabta idan gaɓa ta fashe ta gonarki. Idan noman ne ya fi ƙarfinki, ki ba amintaccen manomi haya ta shekara-shekara ko ku yi noman raba-daidai, a rubuta a gaban mai unguwa da baffan yaran, a kuma sa sharaɗin cewa ba a yarda a ɗebi ko kwano ɗaya na ƙasa daga cikinta ba.